Muryar Kawu Bala a zauren iyayen 'yan sikawut na Agege

Assalamu alaikum jama'a. Malama Hadiza, na ji saƙonki tun safe, gosulon Oshodi ne ya riƙe ni. Kin ce yara sun tara kuɗin mota, kina neman wurin tarihi da za a kai su a hutun nan, ba bakin teku ba. To ni dai shawarata, a haye gada a shiga cikin Ikko, a fara da Freedom Park da ke Broad Street. Kwanaki na kai nawa biyu.

Amma don Allah kada a kai su su yi ta ɗaukar hoto kawai a dawo. A faɗa musu inda suke tsaye. Wurin nan gidan yari ne na Turawan mulkin mallaka. Da farko ginin laka ne da jinka, sai a 1885 aka sake gina shi da jan bulo da aka ɗauko takanas daga Ingila. Ki ji fa, Malama, bulo a jirgin ruwa, don kawai a kulle mutane. Herbert Macaulay ya kwana a ciki, Awolowo ma haka, da Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa. An rushe shi a 1979, wurin ya daɗe a yashe, har Theo Lawson, mai zanen gine-gine, ya tsara shi ya zama wurin shaƙatawa, aka buɗe a 2010 lokacin cikar Najeriya shekara 50. Tsohuwar katangar tana nan. An kuma nuna girman ɗakunan fursunoni. Abba na ya shiga ɗaya yana dariya, da na ce masa a nan babban mutum yake kwana ya tashi, wallahi shiru ya yi. Dandalin da ake kiɗa a kai yanzu kuwa, nan ne wajen da ake rataye mutane a da.

Af, ku je da hantsi. Da yamma wurin na masu kiɗa da shaye-shaye ne, ba na yara ba.

Daga nan da ƙafa ma za ku isa Tafawa Balewa Square, tsohon filin sukuwa. Nan ne ya fi dacewa da 'yan sikawut, tunda su kullum ana koya musu sara wa tuta. A filin nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a daren 1 ga Oktoba 1960. A jera su, su gyara ɗankwalin wuyansu, su yi sarawar yatsu uku a wurin. Akwai kuma wajen tunawa da sojojin yaƙin duniya, kuma ai da yawanmu kakanninmu sun je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma. King's College na nan gefe, tun 1909 take.

Shi sikawut ɗin kansa, kar wani yaro ya ɗauka a Legas aka haife shi. Baden-Powell ne ya fara, da sansanin yara 20 a tsibirin Brownsea can Ingila a 1907, sikawut ɗin ya iso Najeriya a 1915. Wato yaro na sanye da kayan sikawut a garin nan, kurkukun Broad Street kuma cike da mutane. Ni wannan nake so su gane. Batun musabaha da hagu da 'yan sikawut ke yi kuma, eh to, ana cewa daga wajen Asante na Gana Baden-Powell ya gano ta. Na tuna ranar da Abba ya miƙa wa kakansa hagu, sai da na yi dogon bayani kafin tsoho ya huce.

In da sauran ƙarfi, a ƙarasa gidan tarihi na Onikan, su ga Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, ramukan harsashi na nan a jiki. Azahar kuma a yi ta a babban masallacin Ikko.

A tashi daga Agege bayan asuba, kowa da gorar ruwansa, kuma a bar wa direba waje ɗaya da zai jira. Malam Isa, kai ne da lissafin kuɗin shiga, ka kira su tukuna ka ji nawa ne na yara. Na iso gareji, sai anjima.