Kullutu a nonon Umma: a fara da asibiti

'Yar'uwa, kin ce Umma ta ji kullutu a nononta, ba ya ciwo, kuma dangi na cewa a kira wanzami. Don Allah kar a bari aska ta taɓa wurin. Ba kowane kullutu ne ciwon daji ba, da yawa ma ba shi ba ne, amma rashin ciwon ba ya nufin lafiya lau. Daji sau da yawa shiru yake farawa.

Ki kai ta Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Za a yi hoto, wataƙila a ɗebi ɗan tsoka da allura a gwada, gwajin ne kaɗai zai faɗi gaskiya. Ki gaya wa likita idan fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita.

In ya tabbata, ba a ɗaukarsa, ku ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da ita. Kuɗin magani akwai nauyi, gara a tara 'yan'uwa tun yanzu. Allah ya ba Umma lafiya.