Me ya sa shirinka na COBOL ya ƙi tsayawa

Maigida, na rubuta shirin kwamfuta da yaren COBOL don ya tara cinikin wani shagon atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, Ghana, kowane layi kuɗin ciniki ɗaya. Da ACCEPT nake karantawa. In na buga da hannu lafiya lau, amma in na tura masa fayil da alamar < sai ya yi ta zagaye, ba ya tsayawa.

Ɗana, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, ACCEPT ne ka ɗora wa kayan da ba nasa ba. Aikinsa karɓar amsa guda daga wanda ke zaune gaban kwamfuta. A GnuCOBOL, manhajar da ke fassara shirin COBOL ga kwamfuta, in bayanai suka ƙare sai ya bar maka gurbin da sarari zalla, daidai da yadda zai yi in ya ci karo da layin da babu komai a ciki. To ta ina shirin zai gane an zo ƙarshe?

Ka mai da mashigar ta zama fayil. A ƙarƙashin FILE-CONTROL:

SELECT SHIGA ASSIGN TO KEYBOARD
    ORGANIZATION IS LINE SEQUENTIAL
    FILE STATUS IS HALI.

A FILE SECTION ka sa FD SHIGA, ƙasansa 01 LAYI PIC X(80). HALI kuma PIC XX ne a WORKING-STORAGE, shi ke riƙe sakamakon kowane karatu, 00 na nufin komai ya tafi daidai. Sai zagayen:

OPEN INPUT SHIGA
PERFORM UNTIL HALI NOT = "00"
    READ SHIGA
        AT END CONTINUE
        NOT AT END PERFORM TARA
    END-READ
END-PERFORM
CLOSE SHIGA.

TARA shi ne sashen shirinka da ke tara kuɗin. Dubi inda na ajiye PERFORM TARA da kyau. In ka fito da shi bayan END-READ, zai yi aiki har a karatun da bai samo komai ba, sai cinikin ƙarshe ya iya shiga lissafi sau biyu. Mai shago ya ga jimla ta ɗara kuɗin da ke cikin akwati, yaron shago ya shiga uku a kan abin da bai ci ba. Kada kuma ka sa aya a tsakiyar zagayen, aya tana rufe duk abin da ke buɗe.

Kafin CLOSE, leƙa HALI. 10 na nufin bayanai sun ƙare lafiya. 47 na nufin ka yi READ ba ka buɗe fayil ɗin da OPEN INPUT ba. Duk abin da ba 10 ba, buga shi a allo ka tsaya, kada ka ba kowa jimlar.

Sai maganar kuɗi, inda nake so ka fi natsuwa. Kada ka karanta layin kai tsaye cikin PIC 9. In an rubuta 42.50, sauran gurabe 75 sarari ne, ga ɗigo a tsakiya, kuma ko ɗaya ba lamba ba ce. Karɓe shi a matsayin rubutu, ka tsallake shi in LAYI = SPACES, sannan ka juya shi da FUNCTION NUMVAL(LAYI) ka tara a JIMLA PIC 9(7)V99, gurbi bakwai na sidi, biyu na pesewa. In akwai waƙafi kamar 1,250.00, NUMVAL-C ce ke ɗaukarsa.

Tamanin ɗin nan na X(80) gadon katin huji ne na zamanin da, ba dole ba ne. Layin da ya wuce shi, ko a yanke shi ko a fasa shi biyu, ya danganta da sigar da kake amfani da ita. Kuma PIC X bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. A UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne, alamar ₵ uku. Ranar da za a ƙara sunayen masu saye a layin, faɗaɗa shi zuwa X(200).

In kana gwaji da hannu a Linux, danna Ctrl da D a farkon sabon layi, HALI zai koma 10.