Amsa ga mai tambaya kan haɗa firinta da Wi-Fi na gida

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka sayi firinta, kana so kwamfutarka da wayar uwargida da ta yara duk su riƙa tura mata aiki ba tare da an yi ta cire igiya ana sawa ba. Abu ne mai yiwuwa. Shekara uku ke nan haka muke yi a gidana, sai dai na sha wuya kafin ta zauna daidai.

Ka fara tabbatarwa tana da Wi-Fi ɗin da gaske. A Epson misali, L3250 tana da shi, L3210 ba ta da shi, alhali a ido kamar Hassan da Hussaini suke. Sannan yawancin ƙananan firintocin gida zangon 2.4GHz kawai suke kamawa. In rautarka, wato na'urar da ke ba gidan Wi-Fi, tana nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, ka bar wannan ka ɗora ta a kan ɗayan. Haɗawar ba wuya: danne maɓallin Wi-Fi na jikin firinta har fitilarsa ta fara ƙyaftawa, cikin minti biyu ka danna maɓallin da aka rubuta wa WPS a jikin rauta. In fitilar ta tsaya cak, sun haɗu.

Abin da ya wahalar da ni daga baya ya zo. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfuta ta ce ba ta ganin firinta, ga ta kuwa a gabana a kunne. Wani dare 'yata za ta miƙa aikin makaranta da safe, shafi 12, muna ta turawa shiru, har idonta ya cika da hawaye. Sai da na zazzage durowa na lalubo igiya. Ashe rauta ce ke raba wa kowace na'ura lamba, wadda ake kira IP, kuma in ta mutu ta tashi tana iya ba firinta wata lambar daban, kwamfuta kuwa tana can tana sallama a tsohon gida.

Don Allah wannan kada ka tsallake shi. Duba ƙasan rauta za ka ga adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga sashen DHCP, wato inda take raba lambobin, ka keɓe wa firintar lamba ɗaya tata ita kaɗai. Sai ka goge ta daga Windows ka sake saka ta da wannan lambar. Tun ranar da na yi haka ban sake taɓa igiya ba.

Wayoyi kam da sauƙi. iPhone tana ganinta da kanta in firintar tana da AirPrint, wato tsarin Apple na tura aiki ga firinta, Android kuma a sa mata manhajar Mopria ko ta kamfanin firintar. Sharaɗin dai kowa ya hau Wi-Fi ɗin da firintar take kai. Uwargida ta taɓa yin kwana biyu tana cewa tata wayar ta ƙi, ashe a kan datar layinta take. Haka in mutum yana kan Wi-Fi na baƙi, yawanci ba zai gan ta ba.

Ba ka faɗi irin rautarka ba. In ƙaramar MiFi ce da kake sawa a aljihu ka fita kasuwa, kana fita gidan ya rasa hanyar tura aiki. A nan sai ka kunna musu Wi-Fi Direct a firintar, waya ta haɗu da ita kai tsaye. Turo mana sunan firintar da na rautar, in nuna maka inda za ka danna.