Gwaggo, ga yadda muke zaman aure da rainon yara a zangon Kumasi

Gwaggo, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkirin amsa. Kin ce wani yaro ɗan zangonmu ya fito neman auren ƙanwata, kuma hankalinki ya kasa kwanciya, domin an gaya miki mu Hausawan Gana sunan kawai ya rage mana, addini da tarbiyya sun bi ruwa. Ban ji haushin maganar ba. Uwa ce ke, dole ki bincika. Zan faɗa miki abin da na sani, ni da aka haifa a nan, na yi aure a nan shekara shida ke nan, ina kuma koyar da 'yan shekara huɗu da biyar.

Kakan mahaifina da ayarin fataken goro ya baro Kano zuwa Gwanja. Kasuwar Salaga ce matattararsu, sai yaƙin sarauta na 1892 ya tarwatsa garin, mutane suka gangaro kudu, wasu Kete Karachi, wasu Kumasi, wasu har Akara. Ba goro kaɗai suka ɗauko ba, da allo da tawada suka zo. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete Karachi a 1934, almajiransa sun bazu a zanguna da yawa suna karantarwa. Amma ki sani zango ba na Hausawa zalla ba ne. Akwai Dagwamba, Mosi, Wangara, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani da Yarbawa, Hausa ce ta haɗa mu baki ɗaya. Don haka yaron zai iya ce miki shi ɗan Hausa ne alhali kakansa Bamoshe ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, da Hausar ya buɗe baki. Idan kin ji ya ce wa mace "ya zo", kada ki ɗauka raini ne. Haka harshenmu ya koma a baka, ba ma rarrabe mace da namiji kamar ku.

Babban bambancin da ke tsakaninmu shi ne, ku a can gari ne yake taya ku raino. Yaro ko uwarsa ta yi sakaci, ladan zai tashe shi, maƙwabci zai kore shi masallaci, duk inda ya juya Hausa yake ji da sallama. Mu kuwa ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan ɗaya ne cikin biyar a ƙasar nan. A cikin zango kiran salla yana tashi ta ko'ina, amma da yaro ya tsallaka titi ya shiga wata duniya. Abin da ba ka sa wa ɗanka da hannunka ba, ba zai tsince shi a hanya ba. Wannan ya sa matasan ma'aurata a nan suke fara maganar tarbiyya tun cikin fari bai yi ƙwari ba: da wane harshe za a yi wa yaro magana a ɗaki, wace makaranta za a kai shi, wa zai zauna da shi bayan magariba.

Ba zan ɓoye miki ba, farkon zaman da wuya. Yawancin amare a gidan haya suke farawa, ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya tare da iyalai goma ko fiye, wasu Musulmi wasu Kirista. Masu gidaje sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi. Sai ka ga ango ya gama hidimar biki aljihunsa ya bushe. Saboda haka matan nan suna fita nema, da mai ɗinki, da mai kasuwa, da ma'aikaciyar jinya, da malama irina. Kulle kaɗan ne ƙwarai. Idan kina so ƙanwata ta zauna a gida, a yi maganar yanzu kafin a shafa fatiha. A kuma yi wa auren rajista, tsohuwar dokar auren Musulmi ta 1907 mako ɗaya ta bayar bayan ɗaurin aure. Mutane da yawa suna sakaci da wannan, sai ranar rabon gado ko neman takardun tafiya mace ta sha wahala.

Abin da ya riƙe aurena a wannan matsi, bayan taimakon Allah, kyautata zato ne. A shekararmu ta farko maigidana ya fara dawowa bayan isha ta wuce sosai, ya ci abinci shiru ya kwanta. Mako uku ana haka. A bakin famfo da safe na fara lura ana yin shiru idan na iso da bokiti, wata ma ta ce mini, wai tausayina take ji, maza ba su da tabbas. Na koma ɗaki zuciyata tana tafasa, har na fara haɗa kaya a raina. Akwai wata tsohuwa a gidan, mukan ce mata Kaka, ta leƙo ta gan ni zaune a bakin gado ban ko share ɗaki ba. Ta ce, "'Yar nan, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ki bari ya ci ya huta, sannan ki tambaye shi da bakinki, ba da bakin matan famfo ba." Na yi yadda ta ce. Ashe wani aikin dare ya ƙara a kan na rana, domin mai gida ya sanar da shi kuɗin haya na gaba, shi kuma kunya ta hana shi gaya wa amaryarsa cewa abin ya fi ƙarfinsa. Daren nan muka zauna da takarda da biro muka lissafa abin da yake samu da abin da nake samu. Tun daga ranar ba mu sake ɓoye wa juna lissafi ba.

Na daɗe ina tunanin ayar nan ta Suratul Hujurat da ta ce mu nisanci yawan zato, da hadisin da Allah yake cewa yana nan inda bawansa ya zace shi. Mutumin da ya saba munana wa Ubangijinsa zato a kan arziki, da wuya ya kyautata wa mijinsa ko matarsa. Amma kada a fahimce ni a baibai. Kyautata zato ba shi ne mace ta yi shiru ana dukanta ko ana barinta da yunwa ba. Irin wannan akwai dattawan unguwa, akwai liman, akwai fadar sarkin zango, akwai kuma dokar 2007 da ta hana cin zarafi a cikin gida. Ƙanwata ba za ta rasa inda za ta kai kuka ba, ni ma ina nan.

Kin tambayi zama da Kirista. 'Yata tana da shekara huɗu ta dawo daga ɗakin maƙwabciyarmu ranar Lahadi ta ce, "Umma, me ya sa Anti ba ta salla?" Na zaunar da ita a cinyata na ce Anti tana da nata addinin, mu muna da namu, namu muke bi kuma ba ma zagin kowa, sannan na tuna mata wa ya goya ta ranar da nake kwance da zazzaɓi. Ta ce Anti ce. Na ce to maƙwabci yana da haƙƙi ko ba ya salla, haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana. Daga nan muka tashi muka yi alwala tare. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika a Akara a 2019, lokacin da ya cika shekara 100. Wasu malamai sun soki abin, ni dai na ga dattijo ne da ya san darajar zaman lafiya, ba tare da ya rage komai daga addininsa ba. Ba kullum abin yake tafiya sumul ba, ana samun taƙaddama a wasu makarantun kwana kan hijabi da azumi, kuma iyaye suna tsayawa a kai.

Iyayenmu sun daɗe suna gudun boko domin yawancin makarantun na mishan ne. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantun Islamiyya da yawa suka shiga tsarin gwamnati, ana Turanci da lissafi ana Larabci da Alƙur'ani a wuri ɗaya. A irinsu nake koyarwa, a ajin ƙananan yara na shekara biyu da ake yi kafin firamare.

Sai dai ɗan zango yana da wani nauyi da ba kowa ke gani ba. Harsunan da gwamnati ta amince a koyar da ƙananan yara da su, babu Hausa a ciki. Yaro yana Hausa a gida, ya zo aji ya tarar da yaren Twi na Tonawa, wato Ashantawa, da Turanci a allon bango, da yamma kuma ya ɗauki allonsa ya shiga babbaƙu. Akwai wani yaro da aka kawo ajina daga wata makaranta, an gaya wa uwarsa wai daƙiƙi ne, wata uku bai ce uffan ba. Ran nan na tsuguna a gabansa, na zube murafen kwalba a ƙasa, na ce masa da Hausa, "Ƙirga mini su." Ya ɗago ya kalle ni kamar bai yarda da kunnensa ba, sannan ya sa yatsa ya ƙirga har ashirin bai tsallake ko ɗaya ba. Kafin shekara ta ƙare shi yake jan sauran a waƙar haruffa. Uwarsa ta yi kuka a ƙofar aji. Babu abin da ya same shi, ba a taɓa tambayarsa da harshen da yake tunani da shi ba ne.

Shi ya sa ba na riƙe bulala. Hukumar ilimi ta hana duka a makarantu, amma ko ba ta hana ba, ni hadisin Anas ya ishe ni: shekara goma yana yi wa Annabi hidima tun yana yaro, bai taɓa ce masa tir ba. A wasu makarantun allo har yanzu dorina tana aiki, kuma na ga yaran da suka haddace izu da tsoro suka watsar da shi da zarar sun girma. A ɗakinmu bayan magariba maigidana yakan shimfiɗa tabarma ya biya wa 'yarmu aya biyu ko uku, in ta yi daidai ya ce Allah ya yi miki albarka, in ta kuskure ya sake biyawa. Ni kuma kafin barci sai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da Hausar da na koya a littattafan da kike aiko mini.

Game da yaron, ki sa kawu ya kira ni da sunan unguwarsu da masallacin da yake salla, ko Aboabo ne ko Asawase, maigidana zai je ya tambayi liman da maƙwabtansa. Ke kuma idan ya zo gaisuwa ki tambaye shi inda za su zauna, da ko ya yarda ta ci gaba da karatunta, da harshen da zai yi wa 'ya'yansa magana da shi. In Allah ya nufa an sa rana, ki zo da kanki ki kwana biyu a ɗakina kafin a kawo amarya. Ki gaida mini ƙanwata da mutanen gida duka.