Amsa ga 'yar'uwar da ta tarar da ƙaninta a ɗaure a gadon asibiti

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Kin ce kin je dubiyar ƙaninki mai lalurar ƙwaƙwalwa kin tarar an ɗaure shi a gado, yawu na dalala, yanzu kawunnanku sun ce a mayar da shi gidan mari tunda ko'ina ɗaurin ne. Na daɗe ina jinyar yayana a nan Gombe, shi ya sa nake roƙonki kada ki yarda a cire shi, kada kuma ki yi shiru.

Yawun nan sau da yawa aikin magani ne. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine kan sandarar da jiki, hannu ya riƙa rawa, wani lokaci wuya ya karkace. Yayana ya kai matsayin da ba ya iya kai loma baki, tuwo na zuba a rigarsa, mu muna ta kuka wai ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Da likita ya rage maganin ya haɗa masa da Artane, wani magani mai rage sandarewar jiki, jikinsa ya saki. Ki je da sassafe lokacin da likitoci ke zagaye, ki faɗi abin da idonki ya gani, ki tambayi sunan kowace ƙwaya da allura ki rubuta.

Ɗaurin kuwa, akan yi shi idan mutum zai ji wa kansa ko wani rauni, amma na ɗan lokaci, da umarnin likita, ana dubawa. Ki tambaya wa ya ba da umarnin, tun yaushe, kuma yaushe za a kwance. Ki ɗaga hannun rigarsa ki duba wuyan hannu da idon sawu. In don ma'aikata sun yi kaɗan da dare ne, ko don a hora shi, wannan zalunci ne. Na san nas-nas ɗin nan suna shan wahala, ɗaki cike su ƙalilan, amma ba marar lafiya ne zai biya wannan bashin ba.

Doka ma tana bayanki. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayanin maganinsa, a rufa asirinsa, kada a wulaƙanta shi. In ba a gyara ba, ki rubuta ƙorafi ga shugaban sashen ki riƙe kwafi, daga nan sai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa. Kina kuma iya neman takardar sauya asibiti. Akwai na tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Barnawa ta Kaduna.

Kawunnanku ki yi musu magana cikin ladabi, ki tuna musu Rigasa ta Kaduna. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a can, da yawansu da mari a ƙafa, jiki duk tabo. A asibiti akwai wanda za ki tsare da tambaya, akwai fayil. A can wa za ki tambaya? In addu'a da ruƙiyya suke so, a zo a yi masa a bakin gadonsa yana shan maganinsa.

Ku raba kwanaki tsakaninku, kullum a ga fuskar wani ɗan gida. Idan ya natsu ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi ko ana dukansa, ko yana samun abinci da wanka. Kada ki ce ai ba ya cikin hayyacinsa. Ki saurara, ki bincika. In kuɗin magani ne ya yi muku nauyi ki faɗa wa likitan kai tsaye, akwai masu sauƙin kuɗi da zai iya rubuta masa.