Tambayoyinku: Wai ƙarfen da aka sa wa yarona a cinya yana shan jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Yarona ɗan shekara 8 ne ya faɗo daga bishiyar mangwaro ƙashin cinyarsa ya karye, aka yi masa aiki aka zura wasu siraran ƙarafuna guda biyu ta wajen gwiwa, yanzu wata 7 kenan har ƙwallo yake bugawa. To surukata ta tasa ni gaba wai ƙarfen tsatsa yake yi a ciki yana shanye masa jini shi ya sa ya yi fari, da ma ita wajen mai ɗori ta so a kai shi. Asibiti sun ce mu dawo a cire, babansa kuma ya ce ba mai sake yanka masa ɗa. Na rasa wa zan bi.

Wata uwa daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ƙarfe dai ba ya shan jini, wannan ki cire shi a ranki. Amma fa maganar Hajiya ba duka za a watsar ba, tunda ita ta lura yaro ya yi fari. Karayar cinya da aikin kansa suna iya sa a yi asarar jini, ga maleriya ga tsutsar ciki, in kuma yana da sikila ai kin san zancen. Ki sa a duba masa PCV, wato gwajin yawan jini, ki ɗan ja fatar ƙasan idonsa ki gani in ta yi fari.

Yadda kika kwatanta su, siraran sandunan nan ne masu lanƙwasuwa da ake zura wa yara a cikin ɓargon ƙashi, yawanci na titaniyom ne, wani lokaci kuma sitenles na musamman mai kuromiyom da nikel a ciki. Ba irin rodin gini ba ne, saman titaniyom da kansa yake yin wani siririn rufi da ke kare shi daga ruwan jiki shi ya sa ba ya tsatsa. Duk da haka gaskiya ne yana ɗan sakin ɓurɓushi ƙanƙane da ido ba ya gani, kuma in an auna jinin yaran da aka sa wa ƙarafuna masu yawa, musamman na gadon baya, akan tarar titaniyom ɗinsu ya fi na sauran yara. Inda abin ya fi tsanani shi ne inda ƙarfe ke gogar ƙarfe kullum. Akwai wasu sanduna masu maganaɗisu da ake kira MAGEC, ana sa wa yaran da ƙashin bayansu ya karkace ana tsawaita su yayin da yaro ke girma, likitoci sun riƙa buɗewa su tarar naman da ke kewaye ya yi baƙi kamar an barbaɗa masa garin gawayi, har a 2020 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce a dakata da sa su. Na ɗanki ba shi da inji a ciki kuma ba shekaru zai yi ba, so ki kwantar da hankalinki.

Ni abin da ya fi damuna ma ba jinin ba ne, ƙwayar cuta ce. In ta samu ta manne a jikin ƙarfe takan yi wani yauƙi ta lulluɓe kanta, ki yi ta ba shi antibayotik ciwo ya lafa ya dawo. Don haka in kin ga wurin ɗinkin ya yi ja ko ya kumbura, yana zafi ko yana tsatsafo da ruwa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ya koma ɗingishi bayan ya daina, kar ki tsaya kemis, asibiti kai tsaye. Sai kuma waɗanda jikinsu ba ya jituwa da nikel, irin matan nan da ɗan kunne mai arha ke sa wa kunne ƙaiƙayi da ruwa, in shi ma kan bel ko agogo na fito masa da ƙuraje a faɗa wa likita.

Batun cirewa kuwa, ki lallaɓi maigida ku je tare ya ga hoton da idonsa. Irin waɗannan sanduna galibi tsakanin wata 6 zuwa shekara ake cire su in ƙashi ya haɗe, saboda yaro girma yake, ƙashi na iya binne bakin ƙarfen, aikin da za a yi ta ƙaramin yanka a tsohon tabo ya koma sai an sassaƙi ƙashi kafin a kamo shi. Ga shi bakin nasu kan soki nama a wajen gwiwa in ya durƙusa, ki tambaye shi ko yana jin haka lokacin sallah. Bayan an cire a hana shi ƙwallo da hawa bishiya har sai likitansa ya ba da izini.