Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke son koyon tuƙin kwale-kwale

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, cewa ɗanki mai shekara 15 ya matsa miki yana son shiga horon tuƙin kwale-kwale da za a yi wa matasa a bakin dam lokacin hutu, ke kuma hankalinki bai kwanta ba. Tsoronki yana da dalili. Mu nan Daura ba mutanen ruwa ba ne, ba kamar Yawuri ba inda yaro ke tashi da filafili a hannu. Kuma babu wanda ya manta da Bagwai a 2021, ranar da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a dam ɗin Watari suna hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu.

Duk da haka, shawarata ki bar shi ya je, amma sai kin san hannun da za ki damƙa shi.

Ni malamin makaranta ne, na daɗe da 'yan sikawut, kuma na sha kai su dam ɗin Sabke wajen wani dattijon masunci da muke kira Baba. Irin wannan horo ba yau aka fara shi ba. Cibiyar da muka fi sani da Man O' War a gaɓar teku aka kafa ta a 1951, a cikin Kamaru ta yanzu, kuma tana da makarantar ruwa a Apapa ta Legas. Ruwa aka zaɓa saboda ba ya karɓar uzuri.

Kwanakin farko Baba ba ya barin kowa ya taka jirgi. Iyo ake koya a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, sai ƙullin igiya, sai yadda ake kwalfe ruwa da ƙwarya. Bayan nan da gangan yake kifar da su a kusa da gaɓa, don su ga da idonsu cewa jirgin katako ko ya kife ba ya saurin nutsewa, kuma wanda ya riƙe shi ya fi wanda ya sake shi ya nufi tudu tsira.

Abin da ya fi burge ni shi ne kujerar baya. Na baya shi ke juya jirgi, don haka kullum yaro ɗaya ake ɗorawa a can. Shi zai ƙirga mutanensa kafin a tashi da bayan an dawo, shi zai duba rigar ruwan kowa, ya raba musu wurin zama kada gefe ɗaya ya rinjaya. In ya ce a juya, ko ni ban isa in musa ba.

Wata rana a farkon damina aka ɗora wani yaro ɗan siriri, wanda a aji sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Mun yi nisa, la'asar ta gabato, sai gabas ta fara haɗa hadari, iska ta soma lilo da jirgin. Manyan cikinsu suka ce a ƙarasa tsallake tukuna, har ɗaya ya ce masa, "Kai dai faɗi gaskiya, tsoro kake ji." Ina kallon hannunsa yana rawa a kan filafili. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Mu takwas muka fito, mu takwas za mu koma. Na dama ku ja, na hagu ku dakata." Muna ɗaure jirgi a turke ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Baba bai yabe shi ba, hularsa kawai ya gyara masa. Wallahi tun daga ranar ko a makaranta in yaron nan ya yi magana sai a saurara.

To Hajiya, ki tura mahaifinsa ko kawunsa ya je wurin da ƙafarsa, kada ku tsaya ga takarda. Ya ƙirga rigunan ruwa ya ƙirga yara, kuma rigar ta zama daidai jikin yaro, don ta babba zamewa take ta kai in an faɗa ruwa. Ya tambayi mutum nawa jirgin ke ɗauka, da ko akwai wani jirgi a kusa da babban da ya iya ceto. In ya ji ana fita bayan magariba, ku janye shi nan take. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ma ta hana tafiyar dare a ruwa. Ya kuma ji ko Sarkin Ruwan wurin ya san da maganar.

Sai tsargiya, wadda mutane ke mantawa. Ruwan dam yana ɗauke da ita, ni kaina na taɓa sakaci har yara biyu suka kamu. In ya dawo ki riƙa tambayarsa, da ya ga jini a fitsari ku tafi asibiti, maganinta yana nan kuma ana warkewa. Allah Ya tsare mana su, Ya yi masa albarka.